Ba ingancin ƙarfe ne ke sa kayan aikin gyaran Porsche tsada ba

Da yawa suna ɗauka cewa kayan aikin da ake kwance injin Porsche ko Ferrari da su suna tsada ne don ƙarfensu na daban ne. Sau da yawa ba haka abin yake ba.

Ɗauki ƙarfen da ake kulle kamshaf da shi a injin M96 na Porsche 911 samfurin 996. In ka gan shi a hannun makanike sai ka raina shi, ɗan falle ne kawai mai haƙora. Aikinsa shi ne ya riƙe kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin, daram lokacin da ake saita taimin, wato daidaita lokacin buɗewar bawul da motsin fistin. In awonsa ya kauce ko da kaɗan, taimin ya goce, in gocewar ta yi yawa kuwa bawul ya gwabza da fistin, an shiga uku. Awon nan ake saya. Sannan injin iri ɗaya kawai yake wa aiki, masu buƙatarsa tsiraru ne, dole kuɗin ƙera shi ya hau kan 'yan kaɗan.

Jabu mai araha yakan shiga wurin, amma da ɗan lilo. Sifana da sukudireba kuwa, masu kyau na kasuwa sun wadatar, ko da babu tambarin Porsche a jiki.