Mai Gadin Numfashi Ba Ya Barci

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

A daren jiya kowannenmu ya yi barci, hankalinsa ya gushe, amma ƙirjinsa bai daina hawa da sauka ba. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kimanin sau 20,000 ke nan a dare da wuni, kuma Allah bai ɗora wannan aiki a kan tunaninmu ba, domin Ya san mu masu mantuwa ne.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda take haɗuwa da laka, Ya ajiye wasu 'yan ƙwayoyin jijiya waɗanda suke aika umarni ta wata jijiya da ta fito daga lakar wuya zuwa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Tantanin ya ja ƙasa, huhu ya buɗe, iska ta shiga. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan mai gadi ya fi lura da taruwar gurɓatacciyar iskar kabon a cikin jini fiye da ƙarancin iskar oksijin, shi ya sa duk taurin kan mutum, idan ya riƙe numfashinsa, dole a ƙarshe ya saki. Haka tsarin yake ga akuya da raƙumi. Allah Ya ce a Suratuz Zariyat: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba ku gani ne?"

To, wannan mai gadin ne kodin da tiramol suke sa wa maye. Magunguna ne masu amfani a hannun likita, amma idan suka yi yawa sai su dakushe wannan wuri, gurɓatacciyar iska ta taru a jini, umarni kuma ya yi rauni, har numfashi ya yanke mutum yana barci. Gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, sai dai doka ba ta shiga ɗakin saurayi ko na matar aure. Tsoron Allah da kulawar iyaye ne suke shiga.

Wanda ya tarar da ɗan'uwansa a wannan hali, numfashinsa jefi-jefi, ana tashinsa ba ya tashi, kada ya ce a bar shi maye ya sake shi, kada kuma kunyar maƙwabta ta hana shi. Ya kwantar da shi a gefensa, ya garzaya da shi asibiti, ya gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.