Shekarar Farko a Jami'a: A Gida Maki Ke Bin Ka, a Ingila Lokaci Ke Yaudarar Ka

Sabon ɗalibi yakan shiga jami'a da fargabar wahalar karatu, amma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kayar da 'yan ajin farko shi ne rashin sanin yadda ake lissafin sakamako. Najeriya da Ingila, inda nake zaune, duk suna raba digiri zuwa daraja ta ɗaya, ta biyu mai hawa biyu, da ta uku, sai dai kowacce da irin idon da take kallon sabon shiga da shi.

A gida Najeriya, tun daga gwajin farko na zangon farko aka fara rubuta maka tarihi. Akasarin jami'o'inmu suna aiki da ma'aunin maki biyar: 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, har a gangaro F da ba ta da komai. Ana ninka makin kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, wato nauyin da aka ba kwas ɗin, a tara, a raba da jimillar yunit. Shi ne CGPA, kuma ba ya mantuwa. Ɗauki digiri mai shekara huɗu, a ce yunit ɗin kowace shekara daidai yake. Wanda ya gama ajin farko da 2.50, idan yana son fita da 3.50, wato hawa na sama a daraja ta biyu, sai ya riƙa samun kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Daraja ta ɗaya kuwa, mai farawa daga 4.50, ta kuɓuce masa ke nan, ko da A zai ci a kowane kwas har ya gama, domin iyakarsa 4.38. Yaro bai gama gane hanyar ɗakunan lakca ba, an riga an rufe masa ƙofa. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Kuma sau da yawa ba daƙiƙanci ke jawo faɗuwar ba. Wani ya makara wajen rijista, ya tarar an yi gwajin da ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari. Wani ya sa kwas a fom bisa kuskure bai cire ba, bai kuma zauna jarrabawarsa ba, sai F ta fito. Wani ya ƙarar da ƙarfinsa a kwas mai yunit ɗaya ya yi sakaci da mai yunit uku, alhali faɗuwa a mai ukun ta ninka ɓarna sau uku. Jami'o'i da yawa kuma suna neman halartar kashi 75 na lakca kafin a shiga jarrabawa. Kwas ɗin da aka faɗi zai biyo ɗalibi aji na gaba, lokacinsa ya riƙa karo da na sababbin kwasa-kwasai.

Nan Ingila digiri shekara uku ne, kiredit 120 (ma'aunin nauyin karatu) a kowace shekara, kuma a yawancin jami'o'i makin shekarar farko ba ya shiga lissafin darajar digiri. Ci 40 ka wuce. Wanda ya faɗi ana ba shi damar sake zama, galibi a ƙarshen hutun bazara, amma ko nawa ya ci 40 za a rubuta masa. A ganina wannan ya fi adalci, domin an bar wa mutum sararin yin kuskure kafin a fara ƙirga masa.

Sai dai tarkon nan daban ne, kuma ɗalibinmu da ya saba da cikakken jadawali shi ya fi faɗawa ciki. Kiredit ɗaya ana ƙiyasta shi da awa goma na aiki, wato awa 1,200 a shekara, kusan 40 a kowane makon karatu. A kwasa-kwasai da yawa zaman aji bai kai rabin haka ba. Ragowar ba hutu ba ne, na laburare ne, kuma ba mai tunatar da kai. Malami zai ba da jerin littattafai da ranar miƙa rubutu ya yi gaba abinsa. Wanda ya ga ranar Laraba ba lakca ya ɗauka ranar barci ce, a mako na goma zai ga rubutu uku sun taso masa lokaci guda, kuma makara ana zaftare mata maki.

Haddar takardar malami a mayar masa kalma da kalma, wadda kan fitar da mutum a wasu jarrabawoyin gida, nan laifi take zama idan aka yi ta a rubutu ba tare da ambaton mai maganar ba. Ana wuce da aikin ta manhajar Turnitin, ta nuna inda aka kwaso. Koyon kawo madogara ya kamata ya zo a makon farko, tun kafin a ba da aiki.

Akwai kuma abin da namu ke jin nauyinsa: neman taimako. Kowane ɗalibi a nan yana da malami mai kula da shi, kuma idan rashin lafiya ko rasuwa ta same shi akwai fom ɗin uzuri da zai cike da shaida, cikin wa'adin da aka sa. Wanda ya yi shiru sai bayan sakamako ya fito, da wuya a saurare shi. A gida ma akwai malamin da ke kula da kowane aji, shi ya kamata ya duba fom ɗin rijista kafin a miƙa, ba ɗan aji uku da aka haɗu da shi a hostel ba.

Da jami'o'inmu za su rage nauyin ajin farko a lissafin CGPA, ko da zuwa rabi ne, da ɗalibai da yawa masu ƙoƙari sun samu damar gyara abin da ruɗewar watanni huɗun farko ta ɓata musu.