Wasu mujallun adon gida sun mutu a Amurka, amma sun bar gado

Har yau idan hira ta biyo ta kan mujallar adon gida ta Domino, sai ka ga matan Amurka da nake zaune cikinsu sun yi jugum kamar ana zaman makoki. Kamfanin Condé Nast ne ya fito da mujallar a 2005, ya rufe ta a farkon 2009. Kafin ita, House & Garden da aka fara bugawa tun 1901 ta kwanta dama a ƙarshen 2007. Cottage Living ta bi sahu a 2008, Metropolitan Home a 2009.

Masu karatu ba su gudu ba. Talla ce ke riƙe da mujalla a ƙasar nan, ɗan abin da mai saye ke biya bai taka kara ya karya ba. Da kasuwar gidaje ta durƙushe a 2008, bankuna suna ta ƙwace gidajen mutane, wa ke ta sabuwar kujera? Masu fenti da labule da kafet suka janye tallarsu, shi ke nan.

'Yan uwanmu a nan kan ce wannan kukan daɗi ne. Na gane dalilinsu, domin mu a gida ɗakin amarya ne mujallarmu. Ranar jere gwaggo da inna su kwana suna ɗora kwalla kan kwalla, tasa da langa har kusa da rufi, ga gado mai rumfa. Sai mata su yi ta tururuwa ganin ɗaki, kowace tana ƙirge da ido, ta fita ta san abin da za ta yi wa 'yarta. Haka yayi ke tashi daga Fagge ya sauka Gwammaja ba a buga ko shafi guda ba. Nauyin da wannan gasa ke ɗora wa iyaye kuwa, zancen wata rana ne.

Duk da haka Amurkawa sun fi mu, kuma abin yana ci mini rai. Wanda ke son sanin yadda falon Ba'amurke yake a 1950 zai tarar da tsoffin House & Garden a manyan ɗakunan karatu, an ɗinke su shekara-shekara. Jeren iyayenmu fa? Kwalla ta tafi wajen 'yan gwangwan, kabet ya zo ya wuce, yanzu sai kayan Turkiyya da na Dubai. Zanen bangon Zariya da na unguwar Birni a Damagaram ya samu masu ɗaukar hoto, tunda a waje yake. Ɗakin mace kuwa a cikin gida yake, inda baƙo ba ya shiga, ga shi a lokacin sai an je wurin mai hoto ake hoto.

Za a ce ai yanzu ga Instagram, kowace amarya tana saka nata. Gaskiya ne, amma hoton da ke waya ran da aka sace wayar ko aka rufe shafin ya tafi. Ita ma Domino ta dawo a 2013, sai dai a lokacin rabinta kanti ne na intanet, ka ga fitila a hoto ka latsa ka saya.