Injin tafiya ya lalace, shi ke nan sai mara lafiya ya koma ya zauna?

Wallahi raina a ɓace yake da yadda ake wasa da lokacin masu shanyewar ɓarin jiki a sashen gashin ƙashi na asibiti. Mahaifiyata na cikinsu. An rubuta mata atisayen tafiya a kan injin nan mai bel da ke gudana a ƙarƙashin ƙafa, amma yau a ce ya lalace, gobe a ce ɗamarar da ke tallafe jiki ta tsinke, jibi a ce ma'aikaci ɗaya ne kuma yana wajen waɗanda aka kwantar. Ran da aka dace komai ya haɗu, kafin ƙafarta ta saki an ce, "Mama, sauko haka nan, akwai layi."

Masu sashen da kansu sun san lokacin nan ba ya dawowa. Ciwon ba a ƙafa yake ba. Wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ya rasa jini, sauran sassan kuma za su iya karɓar aikinsa idan an yi ta maimaita musu, taku bayan taku. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko. Shi ya sa a 2023 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila ta ce mai iya jurewa a ba shi aƙalla awa uku na atisaye a rana, kwana biyar a mako. Mu kuwa 'yan mintuna ake yafa mana, sannan a rubuta ranar dawowa can gaba, kamar ƙwaƙwalwar za ta tsaya jiran a kawo mai gyara. Kafin ranar ta zo gaɓoɓi sun sage, tsoron faɗuwa ya shige ta, kujera ta zama gidanta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, lalacewar injin ma ba hujja ba ce. Nazarin ƙungiyar binciken lafiya ta Cochrane na 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje 56 da mutum fiye da 3,000, ya nuna injin bai ƙara yawan waɗanda suka koma tafiya da kansu ba. Sauri da juriya yake ɗan ƙarawa, musamman ga wanda ya riga ya fara takawa. A Amurka kuma, gwajin LEAPS na 2011 ya bi mutum 408, wasu a kan injin da ɗamara, wasu ma'aikacin gashi na zuwa gida yana sa su atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa. Bayan shekara guda sakamakon ya zo kusan ɗaya, kimanin rabinsu tafiyarsu ta inganta. To in haka ne, don me za a juya mu hannu rabbana? Baranda ma ta lalace ne? Ko ƙarfen dafawa?

Ba na zargin ma'aikacin da ke fama shi kaɗai, na ga gumin da yake sha. Da masu gudanar da wurin nake, waɗanda suka iya kafa injin su nuna wa baƙi amma suka kasa ɗaukar isassun ma'aikata.

Ku zauna da mu masu jinya ku koya mana yadda ake tayar da ita daga kujera ba tare da an fizgi kafaɗar da ta shanye ba, ta wane ɓangare za mu tsaya, wace alama ce ke nufin a dakata a auna hawan jini. Kuma ku auna tafiyarta! Gwajin tafiyar mita 10 agogo da fili kawai yake buƙata, kuma an san mai yin ƙasa da mita 0.4 a daƙiƙa da wuya ya wuce tsakar gida, sai ya haura 0.8 yake iya fita harkokinsa. Har yau ba wanda ya riƙe agogo ya gaya mana inda take.