Nasiha ga Matasan Marubuta Kan Jarumin da Ba Mace Ba, Ba Namiji Ba

'Yan'uwana masu rubutu a Wattpad da zaurukan WhatsApp, akwai magana. Kwanan nan ana yawan cin karo da labarai masu jarumin da yau mace ne, gobe namiji, ko wanda ya ce shi ba ko ɗaya ba ne. Da ganin rubutun ka san daga finafinan Amurka aka kwaso shi, aka sa masa babbar riga, aka ajiye shi a Kano. Wasu kuma ɗan daudu suke jawowa don a yi dariya kawai: ya yi rangwaɗa, ya tafa hannu, ya yi habaici, shi ke nan aikinsa ya ƙare.

Duka biyun lalaci ne, kuma kuna cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba. Mata-maza halitta ce, ba wasa ba ce. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da zama a kanta. Muhtasar na Shehu Halilu da mas'alar ya rufe littafin, kuma idan aka rasa gane ɓangaren da ya rinjaya, ana ba mutumin rabin gadon namiji da rabin na mace. Ɗan daudu kuwa wani abu ne daban, mai tarihinsa a bori da sana'ar abinci a tasha da kasuwa. Yana da uwa, yana da ƙanne, da yawansu ma sun yi aure sun haifi 'ya'ya. Ina wannan a labaranku?

Ku dubi Akwaeke Emezi, daga cikin marubutan Najeriya masu cewa su ba mata ba ne, ba maza ba. Littafin Freshwater na 2018 a kan ogbanje na Ibo aka gina shi, wato ruhin da suke cewa yana zuwa duniya a jikin jariri, ya mutu ya sake dawowa, daga gida aka ɗebo. Ko ka yarda da abin da ke ciki ko ba ka yarda ba, ba za ka ce kwafe ne ba.

Ban ce ku yi wa kowa talla ba, kuma kowa ya san matsayin addininsa. Amma ku tuna, akwai yarinyar da aka haifa mata-maza, iyayenta na ɓoye ta, kuma tana karanta labarinku a wayar yayarta. Idan kun sa irinta a labari, ku tambayi likita, ku tambayi malamin fiƙihu, sannan ku ɗauki alƙalami.