Tsuntsayen Djoudj da fadamun Zariya

Duk Bazazzagin da ya kai shekara arba'in ya san abin da zuwan shamuwa yake nufi. Da ta sauka a kan rimi ko tsamiya, manomi zai kai fartanya wajen maƙeri, kuma ba yaron da zai ɗaga mata danƙo sai wanda ya shirya shan bulala. Ba doka ce ta kare ta ba, al'ada ce. Ra'ayina shi ne wannan al'ada ta gama nata aikin, yanzu ba ta isa ba, kuma zaman da nake yi a Ndar, wato Saint-Louis ta ƙasar Sanigal, shi ya ƙara tabbatar mini.

Kimanin kilomita 60 daga nan akwai gandun tsuntsaye na Djoudj, a inda kogin Sanigal yake bazuwa kafin ya faɗa teku. An keɓe shi a 1971, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1981. Tsuntsun da ya taso daga Turai ya ƙetare Sahara, wannan yana cikin ruwan daɗi na farko da zai tarar. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kwasakwasa dubbai suke ƙyanƙyasa a tsibiri guda, warinsu ma ya ishe ka labari tun daga nesa. Ga kirinjijiya, ga dinya, ga zalɓe iri-iri, har da gauraka, wadda a Najeriya sai dai yaro ya ji sunanta a tatsuniya.

Kada a ɗauka mutanen nan sun fi mu imani ko tausayin dabba. Su ma sun tafka tasu ɓarnar. Madatsar Diama da aka gama a kan kogin Sanigal a 1986 ta tare ruwan gishiri, sai kachalla da wata ciyawa mai yawo a kan ruwa suka mamaye ko'ina, har gandun ya shiga jerin wuraren da ke cikin haɗari daga 2000 zuwa 2006. Mutumin Hadeja ko Nguru ba sai an yi masa bayanin kachalla ba, ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa bayan an gina madatsun Tiga da Challawa. A 2003 kuma aka yanka 'yar mashiga mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba kogi da teku don a ceci garin Ndar daga ambaliya, teku ta yi ta cin bakinta har ta kai kilomitoci, ta haɗiye ƙauye guda.

Bambancin yana wajen tuwo. Da aka kafa gandun an tashi mutane daga matsugunansu, aka daɗe ana zaman doya da manja da ma'aikata. Daga baya aka jawo ƙauyukan kewaye cikin harkar: su ke tuƙa kwalekwalen baƙi, 'ya'yansu ke gadi da rakiya. Wanda cefanen gidansa ya rataya a kan kwasakwasa ba ya buƙatar wa'azi kafin ya hana a kwashe mata ƙwai.

Mu a Zariya ba mu da teku, amma muna da Galma da Kubanni, da madatsar Jami'ar Ahmadu Bello, da fadamun da ke ciyar da gari tumatur da rake. Me muka mai da su? Bakin Kubanni ya zama juji, leda ta fi balbela yawa. Fadama ana cike ta da ɓaraguzai a yanka fulotai, ruwa ya zo a watan Agusta a ce ƙaddara. Su kuwa rimayen da unguwanni suka ci sunansu, Rimin Doko da Rimin Tsiwa, a je a ƙirga nawa suka rage a cikin ganuwa. To shamuwa ta yi sheƙa a ina, a kan tankin ruwa?

Ba na mafarkin Turawa za su cika Shika da kyamarori, tsaro ma bai bari ba. Abin da ya fi ƙarfinmu daban, wanda muka ƙi yi daban. Jami'a tana da malaman nazarin halittu da ɗalibai da za su iya ƙirga tsuntsayen madatsa duk Janairu, lokacin da ake wannan ƙirga a ƙasashe da dama. Masarauta tana da masu unguwanni da za su iya hana sare tsohon rimi. Masunta da 'yan lambun Galma kuwa, a fara biyansu su yi gadin bakin rafi, a ga ko za a sake jin ƙarar bindigar toka a wurin.