Ba Kowane Tsuntsu Mai Ruwan Ƙasa Ne Shirwa Ba

A ƙauyukan Daura, da an hango babban tsuntsu mai ruwan ƙasa yana shawagi, sai a ce shirwa ce, a kwashe 'yan tsaki. Ba laifi, launin ya yi kama. Amma abin yana damuna, domin launi ba ya raba tsuntsayen nan.

Ɗauki gaggafa. Babbarta baƙa ce, fuska da ƙafafu ja, amma 'yarta ruwan ƙasa ce, sai ta yi shekara 7 zuwa 8 kafin ta rikiɗe. Wutsiya za a duba: ta shirwa doguwa ce mai tsagi, tana murza ta a iska, ta 'yar gaggafa kuwa gajeruwa ce, kanta kuma babba.